Kafin ka faɗa wa Hajiya kuɗin wabsayit

Na ga saƙonka tun azahar, aiki ne ya riƙe ni. Kace Hajiyar nan mai atamfa da leshi a Kantin Kwari ta tambayeka nawa zaka yi mata wabsayit, kai kuma kana tsoron in ka faɗi da yawa ta gudu, in ka faɗi kaɗan ka cuci kanka. To madalla da baka yi saurin yanka mata farashi ba, dan wallahi yawancin rigimar da nake gani a sana'ar nan daga nan take farawa, mutum ya faɗi kuɗi dunƙule guda ɗaya, shekara ta zagayo shafi ya mutu, mai shago tace an yaudareta.

Ka fahimtar da ita tun farko kuɗin kashi biyu ne. Akwai na aikinka, sau ɗaya zata biya, akwai kuma na haya da zata riƙa biya duk shekara muddin tana son shafin ya zauna, kace mata kamar kuɗin shago ne, 'yar kasuwa ce nan take zata gane. Hayar nan ita ce domen, wato sunan shafin, da hostin, wurin da hotuna da komai zasu zauna. Domen mai .com kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe dashi, a Satumban 2024 suka kai farashin sarinsa dala 10.26, masu sayar mana su ɗora ribarsu, kaga duk sanda dala ta motsa shima ya motsa. Ai ka ga yadda akayi bayan an saki naira a Yunin 2023, dala daga wajen 460 a hukumance har ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wanda hayarsa ke kan dala sai da ya ji a jikinsa. Shi yasa mai sayarwa a cikin gida nake cewa ya ɗauki .com.ng, ƙungiyar NiRA ta nan Najeriya ce ke kula dashi, da naira ake biya kuma ya fi sauƙi. Hostin kuwa kar rangwamen shekarar farko ya ruɗeka, ka duba kuɗin sabuntawa, shi zaka rubuta mata.

Sannan dan Allah, domen ɗin da sunanta da imel ɗinta da lambar wayarta zaka saya, ba naka ba. Wani bawan Allah mai turare ya taɓa zuwa wurina idonsa jajir, yaron da ya yi masa shafi da nasa imel ɗin ya sayi sunan, ya bar gari, lambarsa bata shiga, wa'adi ya cika shafin ya rufe, ga sunan an buga a jikin kwalabe da ledoji da allon ƙofar shago. Ba yadda ban yi ba abin ya gagara, dole sabon suna muka saya ya sake buga komai. Wannan amana ce, ka rubuta mata fasuwod ɗin a takarda ka damƙa mata a hannu, ka kuma sa ranar sabuntawa a kalandar wayarka da tata.

WordPress, manhajar da ake gina shafi da ita, kyauta ne, WooCommerce da ake ɗorawa a kansa a yi shago dashi kyauta ne, shaidar tsaron shafi, wadda wasu burawza ke nunawa da ɗan kwaɗo a gefen adireshi, ita ma wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt na bayarwa kyauta, dan haka kar na ga ka jera su a lissafi kamar ka saya. Tim ɗin sata, wato shiryayyen zanen fuskar shafi, da ake rabawa a gurup gurup kuma kar ka kuskura, sau da yawa da muguwar manhaja a ciki.

Naka kuɗin ba zai fito ba sai ka san me take so. Shafi ne mai nuna shago da lambar waya da maɓallin WhatsApp, ko kuwa shago ne cikakke da mutum zai zaɓi kaya ya biya? Na farkon aikin 'yan kwanaki ne, na biyun kuwa ɗora kayan ne ke cin mutum, ace kala 200 gareta, kowanne sai an shimfiɗa an ɗauki hoto, an rage masa nauyi dan kar ya cinye datar masu saye, an rubuta suna da yadi da farashi. Kuma hoton atamfa ba wasa bane, in ka ɗauka a ƙarƙashin kwan lantarkin cikin shago ruwan toka sai ya fito kamar shuɗi, mata ta saya daga Kaduna kaya ya isa tace ba shi ta gani ba, a fito da kayan hasken rana da hantsi. Ka ƙirga kwana nawa duk wannan zai ɗaukeka, ka yi wa kwananka kuɗi, ka haɗa da data da mota da man janareta. Rabi kafin ka fara, sauran ran da zaka miƙa, gyara sau biyu a ciki, abin da ya wuce haka da kuɗinsa.

In biya ta kati take so ka gaya mata Paystack, kamfanin da ke karɓar mata kuɗin ta intanet, na cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100 a kai, baya wuce 2,000, wato cinikin 50,000 za a cire 850, gara ta ji daga bakinka.

Ka kuma tambayeta wa zai riƙa cire kayan da suka ƙare yana sa sababbi. In babu kowa, gaskiya ka buɗe mata katalog a WhatsApp Business ka ɗora shagon a taswirar Google, duka kyauta ne, ka karɓi kuɗin wahalarka kawai, in ciniki ya buɗe da kanta zata nemeka. Gobe ka je da safe kafin kasuwa ta cika, ka ƙirga kayan, ka ji amsoshinta, bayan la'asar ka zo ofis mu cike takardar farashin tare.