Anti ki taimaka: wai zobo ne a kofin ko giya?

Slm Anti, ina aiki a wani gidan cin abinci a Wuse 2 nan Abuja. Kwanan nan suka fara kawo wasu abin sha daga wani ƙaramin kamfani, sai manaja yace duk mu masu kai abinci teburi mu zo mu ɗanɗana don mu iya yiwa kwastoma bayani. An jera ƙananan kofuna, wani ja kamar zobo, wani yana ƙamshin lemu, wani baƙi ƙirin yana ƙamshin kofi. Wata abokiyar aikina tace ai wannan ba irin giyar kwalba bace, ta hannu ce, bata bugarwa, kuma kurɓa ɗaya ba komai. Ni musulma ce kuma ina tsoron rasa aikin. Ya zanyi?
Daga wata ƙanwarki a Kubwa

Wslm ƙanwata. Giya ce. Kar ki bari launi ko ƙamshi ya ruɗe ki, kuma maganar wai bata bugarwa ba gaskiya bace sam, sau da yawa ma ta fi ta kwalba ƙarfi. Laga, wato giyar kwalba ta yau da kullum da ake sayarwa ko'ina, barasar cikinta wajen kashi 5 cikin 100 ce, amma wadda suke rubuta IPA a jikinta, mai ɗacin nan da ƙamshin lemu, takan kai kashi 6 zuwa 7. Ki ɗauki kwalbar ko gwangwanin ki duba, adadin na nan a rubuce.

Bari in miki bayanin yadda ake yinta don in kin sani babu mai juya ki. Ana jiƙa hatsi, yawanci sha'ir, sai ya tsiro, a busar a niƙa a jiƙa da ruwan zafi har zaƙin ya fito, a tafasa ruwan da wani fure da ake kira hops wanda shi ke kawo ɗaci da ƙamshi, sannan a zuba yis. Yis ɗin nan shi ke cinye sukarin ya maida shi barasa, toh duk abinda aka ƙara daga baya, zobo ne ko citta ko kofi, ado ne kawai. Bambancin yawancin irin wannan da laga shine yis ɗinta yana aiki a ɗumi, wajen digiri 18 zuwa 22, ta nuna da wuri ta fito da ƙamshin 'ya'yan itace, ita ko laga a sanyi ake barinta ta daɗe. In kuma kin ga gurɓi a cikinta don basa tacewa sosai ne, baƙar kuwa hatsinta aka gasa.

Mu da muka taso a Jos wannan ba sabon abu bane, haka matan da ke dafa burukutu suke yi da dawa, su jiƙa ta tsiro su dafa su bar ta ta yi tsami ta tashi, kuma ban taɓa jin wanda yace burukutu bata bugarwa don da hannu akayi ta ba. Hatta manyan kamfanoni sun koma kan dawarmu a 1988 lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Sabon abu kawai shine ƙananan kamfanonin zamani, irin su Bature da suka fara a nan Abuja kafin su koma Legas, masu yin kaɗan kaɗan da dandano kala kala.

Maganar kurɓa ɗaya kuwa, kin san hadisin, abinda mai yawansa ke bugarwa toh kaɗan ɗinsa ma haram ne. Kuma kar a ce miki ki kurɓa ki tofar, masu ɗanɗana giya haɗiyewa suke, kofi huɗu biyar ƙanana in aka haɗa ai an sha.

Ki samu manajan shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, cikin ladabi kice ranka ya daɗe addinina bai bani damar sha ba. Kwastoma ba harshenki yake buƙata ba, abinda zai tambaya shine wacce tafi ɗaci, wacce tafi ƙarfi, kuma kamfanonin nan suna bada takardar bayanin kowacce. Nasan akwai abokan aikinki kiristoci ma da basa sha, a Jos coci da yawa suna hanawa, ki neme su ku tafi tare, magana tafi nauyi.

Akwai kuma abinda baki tambaya ba amma bazan ɓoye miki ba, shi kansa ɗaukar giya a kai teburi akwai magana mai nauyi a kansa a addini. Ki je wajen malamin da kika yarda dashi ki faɗa masa halin da kike ciki dalla dalla, kafin nan ki roƙi a maida ke ɓangaren abinci ko kicin ko wajen karɓar kuɗi. Ki rubuto min yadda kuka ƙare da manajan, ina jira.