Tambaya da Amsa: Zan iya haɗa fawa bank da tsoffin batiran laftof?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fasa wani mataccen batirin laftof, na tarar da ƙananan batira shida a ciki. Abokina ya ce zan iya haɗa fawa bank da su. Gaskiya ne? Kuma babu hatsari? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa maka.

Ƙwayoyin nan su ake kira 18650. Kowace ɗaya volt 3.7 ce, idan ta cika ta kai 4.2. A laftof galibi biyu-biyu ake haɗa su a jeri uku, da zarar biyu sun gaza sai allon da ke kula da su ya rufe duka. Shi ya sa sau da yawa akan samu huɗu da sauran rai.

Kafin ka sayi komai, nemi mita mai auna volt ka auna su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta nuna ƙasa da volt 2.5, ni dai ba na ɓata lokaci a kanta, domin ƙwayar da ta daɗe a sauke takan lalace daga ciki, kuma irinta ce ke kama wuta wajen caji. Sauran ka caja kowace ita kaɗai da ɗan allon TP4056, kana taɓa jikinta lokaci-lokaci. Wadda ta ɗau zafi, fitar da ita. Sannan ka ajiye su mako biyu ka sake aunawa. Wadda ta sauko kusa da volt 4.0 ba tare da ta yi aikin komai ba, yoyo take yi. Wannan jiran ne matasa ba sa so, alhali nan ne aikin yake.

Ka duba rigar kowace ƙwaya da kyau. Duk gwangwanin nan ɓangaren − ne, ɗan hular da ke sama kaɗai ne +, tazararsu kuwa ba ta kai faɗin farce ba. Ledar ta yage a wuya, ƙarfe ya gifta, sai tartsatsi. Ka sake mata riga tukuna. Kada kuma ka daɗe da ƙarfen narka dalma a kanta, zafi na illata ta. Gidan batir na roba ya fi maka sauƙi.

Wajen haɗi, + da +, − da −, bayan ka tabbatar duk cajinsu ɗaya. TP4056 ɗin ka sayi mai kariya, wanda za ka ga an rubuta B+ da B− daban, OUT+ da OUT− daban. Waya volt 5 take so, don haka sai an ɗaga wutar. Idan ɗan allon ɗaga wuta na MT3608 ka samu, ka murɗa ɗan sukurunsa kana kallon mita har ta tsaya a 5 kafin ka jona waya, don yana iya haurawa har volt 28. Allon fawa bank mai IP5306 ya fi dacewa da sabon shiga, shi ke caji shi ke ɗagawa. Kuma da zafin bazararmu, ban da caji a rana, cikin mota ko ƙarƙashin filo. Lithium ba ya son caji sama da digiri 45.

Amma fa ka rage buri. A ce kowace tsohuwar ƙwaya ta ba ka 1500mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), huɗu 6000 ke nan, wani kaso kuma zai salwanta wajen ɗagawa da cajin wayar. Da ƙyar su cika waya mai 5000mAh sau ɗaya. Da ni ne kai, fitilar karatu ta LED zan fara haɗawa da su. In kuma ka je sayen sababbi, ƙwayar 18650 ta ƙwarai ba ta cika wuce 3500mAh ba, wadda aka rubuta wa 9900mAh ka bar wa mai shago abinsa.