Ka fara zaman haya a unguwar kafin ka saya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce aiki ya kai ka wani birni na bakin teku, kana son sayen filat a tsakiyar gari inda ƙafa za ta kai ka ko'ina, kana tambaya ko abin ya ci kuɗinsa. Shekarata tara a irin wannan wuri, uku ina haya, shida a nawa na kaina.

Daɗin zaman dai ba ƙarya ba ne. Mai lafiya yana cin kusan kilomita 5 a awa, ka ga cikin minti 15 ya yi kilomita ɗaya da 'yar ɗoriya. Wurin aikina, makarantar yara, asibiti da kasuwa duk suna cikin wannan tazarar, shi ya sa a shekara ta biyu na sayar da motata, ban kuma yi kewarta ba. Sai dai kada ka yarda da "minti biyar ne kawai" na dillali. Ka taka da kanka, da kaya a hannu, da yaro a gefe, ranar da ake ruwa. Nan ne za ka san ko hanyar ta masu ƙafa ce ko kuwa a taswira kaɗai take kusa.

Abin da ba wanda ya gaya mini kafin in saya shi ne gishiri. Iskar teku tana ɗauke da shi, ba ka ganinsa, amma aikinsa ba dare ba rana. Kwaɗon ƙofa, maƙalin taga, ƙarfen baranda, injin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, duk sai sun yi tsatsa da wuri. Waɗannan ma masu sauƙi ne, canja su ake yi. Babbar matsalar tana cikin kankare. Gishiri yana ratsa shi a hankali har ya isa rodi, rodin ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fi ƙarfen asali girma, sai ta tsaga kankaren daga ciki. Idan ka ga jan zane yana gangarowa daga ƙasan baranda, ko siminti ya ɓantare rodi ya fito fili, to ba fenti ginin yake buƙata ba. Ni sabon fenti ne ya ruɗe ni, kyan ɗan maciji. Wata goma sha huɗu da tarewata aka kira taron masu gida, aka raba mana kuɗin gyaran baranda da ginshiƙan gareji, kasona ya cinye duk abin da na tara daga rabuwa da mota.

A gidan bene ba ɗakunanka kaɗai ka saya ba, ka sayi kaso a rufi, da lifta, da fandisho, da duk bashin gyaran da aka ƙi yi shekara da shekaru. Saboda haka kafin ka ba da ko sisi, ka nemi takardun taron masu gida na shekarun baya ka karanta, ka tambayi nawa ne a asusun ajiyar gyara, da yaushe injiniya ya duba ginin na ƙarshe. Kuɗin kula da gini na wata-wata mai araha a tsohon gini na bakin teku ba abin murna ba ne, sau da yawa alama ce ta ana ɗage gyara. Wanda yake ganin na cika tsoro ya tuna da benen nan mai hawa 12 da ya rufta a Surfside ta jihar Florida a Amurka, a watan Yunin 2021, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 rahoton injiniya ya nuna kankaren ginin ya lalace ƙwarai, amma babban gyaran bai samu ba har abin ya faru. Ka ɗauki injiniyanka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ka ce ya fara da gareji da rufi, falo ya zo daga baya.

Sai ruwa. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika ya janye sau biyu a rana, cikar kuma ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Idan ruwan sama mai yawa ya haɗu da wannan cikar, magudanan da ke zubarwa a teku ba su da inda za su zubar, sai ruwan ya dawo ta lambatu. Layinmu yana ɗan tudu, ba ya shan wannan, amma layi biyu ƙasa da mu masu shaguna sun saba da jera buhunan yashi a ƙofa. Tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tun daga 1900, bai kuma tsaya ba, kai kuwa bashin gida na shekara 20 ko 25 za ka ci. Ka duba taswirar ambaliya ta hukumar birnin, ka tambayi kamfanin inshora nawa zai karɓa kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba. Hawa na ƙasa da garejin ƙarƙashin ƙasa ni ba na ba kowa shawararsu. Danshi kuma ko a hawa na biyar zai same ka. Ka buɗe kabad ka shinshina, ka janye gado ka duba bango, funfuna ba ta ɓuya.

Maganar maƙwabta ma ka sa ta a lissafi. Wurin da ya yi maka daɗin tafiya ya yi wa 'yan yawon buɗe ido. Filat ɗin da ke samana na haya ne na kwana-kwana, kowane mako sabbin baƙi, jan akwati ƙarfe biyu na dare, ba wanda za ka yi wa magana don jibi ya tafi. Abin ya kai hukumar birnin Barcelona na ƙasar Sifen ta sanar a 2024 cewa za ta kawo ƙarshen lasisin irin waɗannan gidaje zuwa 2028. Ka tambaya ko dokar ginin ta yarda da wannan haya, ka kuma je layin daren Asabar a lokacin da baƙi suka fi yawa, ka tsaya ƙarƙashin tagar da za ta zama ta ɗakin kwananka.

Takardu kuwa aikin lauya ne. Ya tabbatar maka ko mallaka ce ta dindindin ko ta wasu shekaru, da ko ginin yana cikin na tarihi da ba a yarda ka canja ko taga ba sai da izini.

Da zan sake, zan sake saya a tsakiyar gari, amma layi uku ko huɗu baya da ruwa, hawa na biyu zuwa sama, tagar ɗakin kwana tana kallon baya. Ganin teku daga falo tsadarsa ta yi yawa, ga shi minti shida na tafiya ya kai ni bakinsa. Kai dai ka kama haya a unguwar na shekara guda cur, ka ga lokacin ruwanta da lokacin baƙinta. In ka samu ginin da ya kwanta maka, ka turo mana shekarar da aka gina shi da hawan da filat ɗin yake, sai mu duba tare.