Yadda ake rubuta "ba shi da" a mantiƙin kwamfuta ba tare da an cutar da kowa ba

Tambaya: Malam, ina gina manhajar da za ta taimaka wa likitoci wajen duba bayanan marasa lafiya, kuma da mantiƙin matakin farko, wato tsarin rubuta hukunce-hukunce da alamomi irin na lissafi, na rubuta ƙa'idojinta. Duk inda nake so in ce mutum ba shi da wani abu, alamar korewa (¬, mai nufin "ba haka ba ne") kawai nake sawa. Yanzu ga shi manhajar tana lissafa jariri ɗan wata biyu cikin masu matsalar rashin haƙora, sannan tana amincewa a ba da penisilin ga duk wanda ba a rubuta cewa jikinsa ba ya karɓar maganin ba. Hankalina ya tashi ƙwarai. A ina na kuskure?

Amsa: Kurakurai biyu ne, kuma na jaririn shi ne mai sauƙi. Idan ka rubuta ¬∃x (Haƙori(x) ∧ Mallaka(j, x)), abin da ka faɗa shi ne babu haƙori a wurin j, wato wanda ake magana a kansa, kuma wannan gaskiya ne game da jariri, da tsoho mai wawulo, da dutse ma. Amma ba a cewa dutse ya rasa haƙora, domin rashi yana ɗauke da sharaɗin cewa ya kamata a ce akwai. Aristotle ya bambance waɗannan tun da daɗewa, inda ya nuna cewa ba a kiran abu makaho ko mara haƙora sai idan ɗabi'arsa ce ya mallaki abin kuma lokacin mallakar ya yi, malaman mantiƙi na Larabci kuma suka kira wannan babi adam da malaka, wato rashi da mallaka. Saboda haka ka ƙara siffa guda: Rasa(a, b, t) tana tabbata ne idan ya kamata a ya mallaki b a lokacin t amma bai mallaka ba. Da zarar shekaru sun shiga cikin "ya kamata", jaririnka ya fita daga lissafi.

Kuskure na biyu shi ne mai haɗari, kuma kusan kullum sai na ci karo da shi a ayyukan ɗalibai har da na ƙwararru. Ka ɗauka cewa abin da ba a rubuta ba, babu shi. Wannan shi ne zaton rufaffiyar duniya, wanda masanin kwamfuta Raymond Reiter ya fayyace a 1978, shekarar da Keith Clark ya yi bayanin korewa ta hanyar gaza tabbatarwa, wato dabarar da harshen kwamfuta na Prolog yake aiki da ita: idan na'ura ta nemi hujja ba ta samu ba, sai ta yanke cewa abin ƙarya ne. Zaton yana da muhallinsa. Jadawalin tashin jirage cikakke ne, don haka jirgin da ba ya ciki ba zai tashi ba. Fayil ɗin mara lafiya kuwa ba a taɓa cika shi. Ka dubi wanda aka kawo da tsakar dare a sume, babu ɗan'uwa tare da shi, ma'aikaciyar jinya ta rubuta bugun zuciya da hawan jini, ta tsallake gurbin magungunan da jikinsa ba ya karɓa domin babu wanda za ta tambaya. Gurbin nan da ta bari fayau yana nufin ba a sani ba, manhajarka kuma ta karanta shi a matsayin an bincika ba a samu komai ba. Rashin jini, rashin tsagawa ne.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne masu koyar da rubuta manhaja cikin 'yan makonni a intanet, waɗanda suke gaya wa ɗalibai cewa korewa iri ɗaya ce a ko'ina, alhali kayan aikin da kansu ba su yarda da haka ba. A SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, gurbin da babu komai a ciki yana ɗauke da NULL, kuma kwatanta shi da wani abu ba ya ba da gaskiya ko ƙarya, sai matsayi na uku, wato ba a sani ba. Shi ya sa layi guda na rumbun bayanai yake iya ɓacewa daga sakamakon tambaya da kuma sakamakon kishiyarta. Harshen OWL na tsara ilimi ga kwamfuta, wanda W3C, ƙungiyar da take tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da shi a 2004, ya ɗauki zaton buɗaɗɗiyar duniya, inda shiru ba ya zama hujjar korewa. Wanda ya kwashe bayanai daga ɗayan waɗannan tsare-tsare zuwa wani bai tsaya ya tambayi ma'anar shiru a kowannensu ba, ya canja ma'anar bayanan ne bai sani ba.

Ga abin da za ka yi. Ka ware matsayi uku ga kowane mara lafiya: an tabbatar jikinsa ba ya karɓa, an bincika an tabbatar yana karɓa, da ba a bincika ba. Kada ƙa'idar amincewa da magani ta rataya a kan gazawar samun na farko. Ta nemi na biyu a rubuce, tare da ranar da aka bincika. Idan kana buƙatar hukuncin wucin gadi, mantiƙin zato na Reiter da dabarar taƙaitawa ta John McCarthy, dukansu na 1980, suna ba ka damar yanke hukuncin da zai warware idan sabon bayani ya zo, amma sun dace ne da wurin da kuskure yake gyaruwa. A batun penisilin, idan matsayin ya zama na uku, manhajar ta dakata ta nemi likita ya tambaya kafin a rubuta maganin.