Camry Muscle: mai fulogi huɗu ko V6?

Malam, ka ce kana son ɗaukar Camry Muscle, wato Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011, amma ka rasa tsakanin mai fulogi huɗu da V6 mai fulogi shida, wai abokinka ya ce huɗun ba ta da ƙarfi, kai kuma zirga-zirgarka cikin Kano ce sai jefi-jefi ka leƙa Kaduna. Na riƙe duka biyun, bari in faɗa maka abin da na gani.

A takarda abokinka bai yi ƙarya ba. Injin fulogi huɗu mai lita 2.4 da ke cikin ta 2007 zuwa 2009, wato 2AZ-FE, ƙarfin doki 158 ne, V6 ɗin kuwa 2GR-FE mai lita 3.5 ce, doki 268, ga giya shida ita kuma huɗun giya biyar. Amma fa lambar nan a jikin inji kamfani ya auna ta, injin sabo dal. In aka ɗora motar kan na'urar gwaji mai nadi, wadda ake ce wa dyno, abin da ke kaiwa taya ba ya kai haka, giya na cinye rabonta. To balle motar da ta haura shekara sha biyar, ta sha hannun bakanike iri-iri. Ko wurin da kake ma yana rage mata, injin da ba turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari duk hawan mita 300, shi ya sa in ka hau Jos sai ka ji motarka ta yi sanyi kamar an ɗaura mata tirela.

Gaskiya V6 akwai daɗi. Hanyar Zariya in ka biyo bayan tirela biyu a jere, taɓa totur kawai za ka yi ka ga sun koma baya, esi a kunne, mutum biyar a ciki ko a jikinta. Huɗun sai ka lissafa, ka jira fili, ta sauke giya ta yi ƙara tukun. Amma tsakani da Allah sau nawa kake wannan a wata? Daga Kabuga zuwa Bata cikin cunkoson Adaidaita Sahu dokin nan 268 zaman banza suke suna cin abinci. A doguwar hanya bambancin shan mai ba wani yawa ba ne, a gosulo ne V6 ke yanka mutum, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan ba abin wasa ba ne. Ga fulogi ukun baya na V6 ɗin, sai an ɗaga manifol, wato bututun shigar iska da ke kansu, kafin a kai gare su, kuɗin aiki daban. Ka kuma leƙa famfon ruwan injinta, wato wata-famfo, yana yawan fara zufa.

Ita 2.4 kuma nata ciwon shan baƙin mai ne, matsalar ringin fistin ce tun daga kamfani, ba duka ba amma da yawa. Tawa haka ta yi min, ba hayaƙi ba ɗiga a ƙasa, kawai in zaro geji in ga ya sauka. Wani bakanike ya ce in koma 20W-50 mai kauri, alhali 5W-20 aka rubuta, shan ya ɗan lafa amma da asuba sai in ji inji na ƙaraf-ƙaraf kafin mai ya hau. Shi ne kuma ya cire min tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye wai ƙasarmu da zafi, ya cika lagireto da ruwan rijiya. Ban san na cuci kaina ba sai da tsatsa ta toshe lagireton, gaskit ya ƙone min ana tsakar zafin Afrilu. Ƙarshe injin Beljiyam na saya. Don Allah duk wadda ka ɗauka kar ka bari a taɓa tamostat, kuma kulan, ruwan sanyaya inji na musamman, za ka zuba ba ruwa zalla ba.

In ni ne kai, ta 2010 ko 2011 zan nema mai 2.5, 2AR-FE, doki 169 da giya shida, ba ta yi ƙaurin suna da shan baƙin mai irin yayarta ba, kuma kayanta na nan a Ƙofar Ruwa. Ranar dubawa ka je da sassafe kafin mai ita ya tayar, ka taɓa inji ka ji da sanyi, a tayar a gabanka kana kallon salansa. A sa mata kwamfuta, don wasu dillalan kashe fitilar cek, mai nuna matsalar inji, suke yi. Sannan ka hau titi da esi a kunne ka taka sosai daga 60 zuwa 100 ka ji yadda giya ke shiga, in ta yi fizga ko ta tsaya tunani, ka miƙa masa makullinsa ko da V6 ce.