Amsa ga mai shagon abincin kaji: shafin intanet ɗinka bai kai dubu ɗari uku ba

Wani Alhaji mai shagon abincin kaji daga Funtua ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Salam Malam, ina sayar da abincin kaji da magani da 'yan tsaki, kuma na daɗe ina rubuta ma kwastomomina bayanai a Facebook da guruf ɗin WhatsApp, rainon 'yan tsaki, jadawalin rigakafi, cututtuka da sauransu. Rubutun ya yi yawa har ni kaina in na nemi wani bana ganinshi. Ina so in tara su wuri guda a shafin intanet. Wani yaro ya ce zai min a kan dubu ɗari uku, sannan duk shekara in riƙa ba shi kuɗin kulawa. Ni ban san kwamfuta ba, waya kawai gare ni. Akwai hanya mai sauƙi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Akwai hanya, kuma gaskiya kar ka fitar da wannan kuɗin yanzu. Ba wai ina cewa yaron cutarka zai yi ba, akwai shafin da ya ci dubu ɗari uku har ma fiye, irin wanda mutum zai zaɓi kaya ya biya a ciki, a riƙa lissafin buhu nawa ya saura a sito, a haɗa da masu kai kaya. Amma ba shi ka tambaya ba. Kai rubutu gare ka da hotuna, so kake mai neman maganin kashin jini ƙarfe biyun dare kajinsa na zubewa ya buɗe waya ya ga bayaninka ya ga lambarka a ƙasa. Wannan aikin da wayarka za ka yi shi, kuma abin da zai ci kuɗi a ciki abu ɗaya ne tak, sunan shafin.

Abu biyu ne ke haɗuwa su yi shafi, kuma masu yin aikin suna yawan dunƙule su wuri guda sai mutum ya rikice. Akwai sunan da ake bugawa a shiga, shi ake ce ma domen, sai kuma wurin da rubutun ke zaune, shi ne hostin. Wurin zaman ana samun shi kyauta. Sunan shi ne ake saya, ko in ce ake haya shekara-shekara.

Ni abin da zan ce ka yi, ka buɗe Blogger. Na Google ne, tun 1999 yake nan, Google ta saye shi a 2003, kuma har yau ba a biyan ko sisi. In kana da Gmail toh ka gama rabin aikin, ka shiga blogger.com a burauzar wayarka, ka sa sunan shagonka, ka zaɓi fuskar shafin cikin waɗanda suka jera, shikenan ka fara zuba rubutu kamar dai yadda kake yi a Facebook. Babu kuɗin hostin, babu wata manhaja da za ka riƙa sabuntawa duk wata, babu tsoron wai mutane sun yi yawa yau shafin ya faɗi tunda kwamfutocin Google ne ke ɗauke da shi, kuma ɗan makullin tsaron nan da kake gani kusa da adireshi shi ma kyauta suke ba ka. Ga mai rubutu da yawa wanda ba shi da ma'aikacin kwamfuta, wannan kwanciyar hankalin ya fi min kwalliyar shafi nesa ba kusa ba.

Da farko za su ba ka adireshi mai blogspot.com a ƙarshe. Ka fara da shi haka babu laifi, amma kar ka buga shi a kwali ko a allon shago ko jikin buhu. Da ka ga rubutu ya fara taruwa sai ka sayi naka sunan. Hukumar NiRA ce ke kula da sunaye masu ƙarewa da ng, ita kuma ba ta cika sayar ma mutum kai tsaye ba, akwai kamfanonin da ta amince da su irin su Whogohost da yanzu suke kiran kansu GO54, da QServers da sauransu, jerin yana shafinta. Mai ƙarewa da com.ng ya fi araha, da naira ake biya, da katin bankinka ko tiransifa, kuma ba sai da takardar CAC ba. Mai ng zalla ya fi shi tsada, mai com kuma asalin farashinsa da dala ne, wajen dala goma zuwa sha biyar a shekara, don haka duk lokacin da dala ta motsa kai ma za ka ji a jikinka. Kwastomanka na Funtua da Bakori da Malumfashi babu ruwansa da com ko com.ng, ka ɗauki mai arahar. Ka dai duba kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu kafin ka biya, don da yawa suna zaftare farashin shekarar farko ne su jawo mutum.

Haɗa sunan da Blogger shi ne kaɗai wurin da ke da ɗan sarƙaƙiya, Blogger zai ba ka wasu layuka biyu da ake ce ma CNAME ya ce a saka su a wurin da ka sayi sunan. Ka ɗauki hoton layukan ka tura ma masu taimakon kwastoma na kamfanin ka ce su saka maka, aikinsu ne kuma sun saba. In ma yaron naka za ka sa, aikin minti ashirin ne, ka ba shi na goro daidai aikin.

Toh a nan nake so ka tsaya ka ji ni da kyau Alhaji, don wannan ya fi duk abin da na faɗa a sama muhimmanci. Ko wa zai taya ka, sunan shafin ya zama da imel ɗinka aka saye shi, da lambar wayarka, kai ke riƙe da kalmar sirrin, kai ka biya daga asusunka. Gmail ɗin da aka buɗe Blogger da shi ma naka ne ba nasa ba. Ba ka taɓa barin takardar shagonka da mukulli a hannun kafintan da ya kafa maka kanta ba, toh wannan ma haka ne. Abin da ke faruwa da 'yan kasuwarmu kullum iri ɗaya ne, yaro ya buɗe komai da imel ɗinsa saboda sauri, ba ma da mugun nufi ba, shekara ta zagayo saƙon sabuntawa ya tafi wurinsa, shi kuma ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi ko kun samu saɓani, sunan ya mutu. Ana ba da ɗan wa'adi bayan ya ƙare, in ya wuce sai da tara mai nauyi, in wannan ma ya wuce kowa na iya saye, ka wayi gari adireshin da ka buga a buhu dubu yana kai mutane shafin caca. Blogger na da wurin da za ka gayyato wani ya riƙa saka rubutu ba tare da ya zama mai shafin ba, ka yi amfani da wannan. Ranar sabuntawa kuma ka rubuta ta a littafin da kake rubuta bashi, in da hali ka biya shekara biyu gaba ɗaya.

Za ka ji ana cewa ai WordPress, wata manhajar gina shafi, ya fi Blogger, kuma gaskiya ne ya fi ƙarfi, sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da shi aka gina su. Amma iri biyu ne. Akwai WordPress.com mai kyauta, sai dai za su sa tallansu a shafinka kuma ba za ka haɗa naka sunan ba sai ka shiga tsarin biya. Sai wanda ake ɗorawa a kan hostin da ka saya, wanda tabbas shi yaron ke nufi, shi kuma duk shekara akwai kuɗin hostin ban da na suna, ga ƙananan manhajojin cikinsa da sai an riƙa sabunta su, in aka yi sakaci 'yan kutse su shigo su cika maka shafi da tallan banza. Kuɗin kulawan da ya ce maka na wannan ne, ba ƙarya ya yi ba, amma me zai sa ka ɗauko ma kanka ɗawainiyar da ba ka buƙata tukuna? Ranar da kasuwa ta girma har kana son a riƙa oda a biya a shafin, ana kwashe rubutun Blogger a mayar WordPress, sunanka kuma yana nan yadda yake tunda naka ne. Wix da Squarespace, su ma wuraren gina shafi ne, suna da kyan gani amma kuɗinsu na wata-wata ne kuma mai nauyi, Wix ma in ka gina a ciki fitar da shafin zuwa wani wuri wahala ne. Google Sites kyauta ne, ya dace da shafi biyar ko shida na "ga mu ga inda muke", ba rubutu ɗari biyu ba.

Kar kuma ka ɗauka don na ce Blogger na ce ka miƙa ma Google wuya. Su ma suna rufe abu in sun ga dama, sun rufe Google+ a 2019, a watan Maris na 2024 kuma suka rufe ƙananan shafukan kyauta da suke yi ma masu shaguna ta Google Business Profile. Haka ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida, kuma ka tuna yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Shi ya sa nake nanata suna naka, sannan duk bayan wata biyu ko uku ka shiga saitin Blogger ka sauke kwafin duk rubutunka ka ajiye a wani wuri daban. In wani abu ya faru, ɗaukar kayanka kawai za ka yi ka koma wani wurin da sunanka.

Yanzu aikin gaske, wanda babu yaron da zai iya maka shi, jera rubutun. Kar ka ce za ka kwaso komai a rana ɗaya, gajiya za ka yi ka watsar. Ka zauna ka rubuta tambayoyi ashirin da aka fi yi maka a bakin kanta, da su za ka fara. Kowace tambaya rubutu ɗaya, kuma kan rubutun ya zama yadda mai kiwo zai buga a waya, "maganin farin kashi a 'yan tsaki", "ranar da ake ba buloila rigakafin Gumboro da Lasota", "buhu nawa kaji ɗari ke ci kafin sati shida", "yadda ake ɗumama 'yan tsaki da hunturu". Kar ka sa irin "Darasi na 14", babu mai neman haka a Google. Akwai wurin da aka rubuta Labels a gefen rubutu, nan za ka riƙa sa rukuni, buloila, masu ƙwai, Noila, rigakafi, cututtuka, abinci, kar su wuce bakwai ko takwas, da su ne za ka magance matsalar nan ta neman rubutu ka rasa. Ka yi shafi guda na farashin kaya da kwanan wata a samansa, don farashin abincin kaji irin su sitata da girowa ba ya zama wuri ɗaya, gara ka gyara a wuri guda da a ce ka watsa farashi cikin rubutu hamsin ka manta su. A ƙasan kowane rubutu ka sa adireshin shago da linkin WhatsApp ɗinka, ana yin shi da wa.me sai lambarka da 234 a farkonta ba tare da sifirin farko ba, mutum na taɓawa ya faɗo hirarka. Kuma dan Allah duk inda ka rubuta yawan magani da za a zuba a ruwa, ka sa likitan dabbobi ya duba maka kafin ka saki, abin da ke guruf mutum ɗari biyu ke gani, wanda ke shafi kuwa wani a Maraɗi ko Kumasi zai karanta ya aikata, amana ce.

Hotuna ka rage musu nauyi kafin ka ɗora. Hoton waya na kai megabayit uku zuwa biyar, mai karatunka kuma yana ƙauye da sabis sanda ɗaya da datar ɗari biyu, in shafin ya ƙi buɗuwa fita zai yi ba zai dawo ba. Dabara mai sauƙi, ka tura ma kanka hoton a WhatsApp ka ɗauko wanda ya matse. Bidiyo kuma ka sa a YouTube ka kawo linkin. Ka yi amfani da hotunan kajin kwastomominka da izininsu, sun fi na Turawa da ake kwasowa a intanet gamsar da mai kiwo. Bayan nan ka yi rajistar shafin a Google Search Console, kyauta ne, shi zai nuna maka kalmomin da mutane ke bugawa suna faɗowa wurinka, daga nan ma za ka san kayan da ya kamata ka ƙaro a shago.

Na san wani zai zo ya ce maka ai shafin zai riƙa kawo dala ta talla. Kar ka sa wannan a lissafinka. AdSense, wato tsarin Google na sa talla a shafi, ba sa biya sai kuɗi ya kai dala 100, kuma Hausa ba ta cikin jerin harsunan da suka ce suna karɓa, shi ya sa masu rubutun Hausa ke shan wahalar samun amincewarsu. Ribarka tana cikin buhun abinci da katan ɗin 'yan tsaki, mutum ɗaya da ya karanta bayaninka ya yarda da kai ya dawo yana ɗaukar buhu goma duk wata ya fi maka tallan shekara. Don ka san ko shafin na aiki, duk sabon kwastoma ka tambaye shi a ina ya samu lambarka ka sa alama a littafi, bayan wata shida ka ƙirga.

Facebook da guruf ɗin kar ka bar su, can mutanenka suke. Abin da zai canza shi ne cikakken rubutu ya zauna a shafi, a guruf kuma ka sa layi uku da linki. In wani ya sake tambayar jadawalin rigakafi karo na hamsin, linki kawai za ka tura masa ka ci gaba da awon dusa. Dubu ɗari ukun kuma ka cire kuɗin suna na shekara biyu da na data da ɗan abin da za ka ba yaron ya zauna da kai yini ɗaya ya nuna maka hannu, sauran ka zuba a kaya kafin masu kiwon kajin sallah su fara ɗibar 'yan tsaki. In ka buɗe ka saka rubutu biyar na farko ka turo min adireshin in duba maka jerin.