Amsa ga mai tambaya ko binciken jami'o'i yana isa ɗakin haihuwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya ko binciken da farfesoshi ke yi kan lafiyar uwa da jariri yana amfanar mace a ɗakin haihuwa, ko kuwa takardu ne kawai na neman ƙarin girma. Ni ungozoma ce, na daɗe a aikin nan. Binciken yana isa, sai dai yakan makara, kuma a cikin makarar nan ake asarar rayuka.

Ki ɗauki jijjigar masu ciki, wadda wasu ke ce wa taune-taune. Lokacin da muka fara aiki diazepam ake yi wa mace. Ta yi barci kamar ta samu sauƙi, jaririn ya fito a galabaice, can kuma ta sake tashi da shure-shure, muna tare ta kada ta faɗo daga gado. A 1995 aka yi babban gwaji da ya nuna magnesium sulfate ya fi diazepam hana jijjigar dawowa. A 2002 gwajin Magpie, da mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin kamuwa da ita da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Maganin ba shi da tsada. Duk da haka sai wajen 2008 ya fara wadata a asibitocin gwamnatin Kano, bayan an horar da ma'aikata. Na ga bambancin da idona, amma duk na tuna matan da suka tafi a shekarun jiran nan raina yakan ɓaci.

Na kwanan nan ya fi burge ni, don da mu aka yi shi. Gwajin E-MOTIVE da aka fitar a 2023 an yi shi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Da can da ido muke kiyasta jinin da mace ta zubar: a duba zani, a duba katifa, a ce "da sauƙi". Ido kuwa yana rage wa jini yawa, ballantana idan zani mai duhu ya shanye shi. Sai aka kawo leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru a aljihunta kina ganin layi. Da ya kai mililita 500 ba sauran shawara, a lokaci guda za a murza mahaifa, a yi allurar oxytocin mai tsuke mahaifa, a ba da tranexamic acid mai rage zubar jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa. Ba a jiran ɗaya ya gaza kafin a koma ga na gaba. Mummunar ɓallewar jini da abin da ke biyo ta suka ragu da kashi 60 cikin 100, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa tsarin cikin shawarwarinta a shekarar.

Kuma ba yau ƙasar Hausa ta fara koyar da duniya ba. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya nuna mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba ga matan da ba su zuwa awo da waɗanda ba su yi karatu ba. An buga aikin a 1985, shekara biyu kafin taron Nairobi da ya ƙaddamar da yaƙin kare mata masu haihuwa.

Inda nake tare da ke shi ne, takarda ba ta sayen magani. Na yi aiki a wani asibiti inda oxytocin ke kwana cikin zafi don firjin ba wuta, ki yi allurar ki ga mahaifa ta ƙi tsukewa. Wannan ba laifin mai bincike ba ne, na masu riƙe da kasafin kuɗi ne.

Tunda kin ce ƙanwarki na da tsohon ciki, ki raka ta awo na gaba. Ki tabbatar an auna hawan jininta da fitsarinta, ki tambaye su ko suna da magnesium sulfate da ledar awon jini, kuma tun yanzu a san wanda zai ba ta jini idan an buƙata. Allah Ya sauke ta lafiya.